Blackpool da tsoffin wasanninta: kwalliya za ta biya kuɗin sabulu kuwa?

Baban Ummi:
Salam jama'a. Asabar ɗin da ta wuce na kwashi iyali muka je Blackpool, ga wanda bai sani ba gari ne a bakin teku a arewa maso yammacin Ingila, cikin Lancashire, awa ɗaya da 'yan mintuna daga Manchester in ba gosulo. Tun da muka dawo abu ɗaya ke ta min yawo a kai shi ya sa na ce bari in kawo shi nan a tattauna. Garin nan kusan duk abin da yake sayarwa yanzu tsohon kaya ne. Sun koma sun tono wasannin kakanninsu, 'yan barkwanci, masu rufa ido, rawa, fitilu, sun wanke sun goge sun ce da wannan za mu dawo da baƙi. Har sabon gidan tarihi suka buɗe a watan Maris na 2024, Showtown, wajen fam miliyan 13 ya ci, kuma ba takobin sarki ba kayan yaƙi a ciki, sai rigunan 'yan wasa da kayan dabo da 'yan tsana.

Abin da ya tsaya min a rai wani fili ne a gaban hasumiyar garin, Comedy Carpet suke ce masa, kamar darduma amma ta kankare, an rubuce ta kaf da barkwancin 'yan wasan ƙasar kusan mutum dubu, a 2011 aka buɗe. Na ga wani tsoho da matarsa, ita tana riƙe masa sanda shi ya duƙa yana karantawa da ƙarfi, kafin ya kai ƙarshen layi ta ƙarasa masa da ka, suka fashe da dariya har yana goge hawaye da hannun riga. Da suka matsa na je na karanta layin nan sau uku, wlh ko murmushi bai zo min ba, turancin na gane amma abin dariyar ban gan shi ba. Ummi ce ma ta more wurin don tsalle take ta yi daga harafi zuwa harafi.

Da za mu koma wajen mota muka yi ɓatan kai muka bi ta baya, layi biyu kacal daga bakin ruwa. Tab. Tsoffin gidajen saukar baƙi jere, wasu an toshe tagoginsu da katako, allon suna ya koɗe, ga katifa a yashe a ƙofar wani gida ruwan sama ya jiƙe ta sharkaf. Kamar ba garin da muka baro minti biyar baya ba. To tambayata, gaske ne tsohon nishaɗi na iya tayar da garin da ya kwanta, ko dai hoda ake shafa wa fuska an bar jiki ba wanka?

Yarima99:
Mutane su je shaƙatawa su dawo da hotuna, Baban Ummi ya dawo mana da jarrabawa 😂 Ni dai na san ba zan biya kuɗi in je kallon rigar wanda ya mutu tun kafin a haifi babana ba

Ɗan Tarihi:
Kafin a yanke hukunci gara a san me ya tayar da garin tun asali. Blackpool yashi ne da iska kawai, ba ma'adini ba komai. Jirgin ƙasa ya iso a 1846, su kuma garuruwan masaƙun auduga na Lancashire suna da wata al'ada, kowane gari na da satinsa a shekara da ake rufe masaƙu gaba ɗaya ma'aikata su tafi hutu. To gari guda ne zai taso, maƙwabcinka a layi shi ne maƙwabcinka a masauki, wannan satin na Bolton wancan na Oldham, haka har lokacin zafi ya wuce. Mutumin da ya shekara cikin ƙarar inji da ƙurar auduga ba lacca ya zo ji ba, dariya yake so da kiɗa. Shi ya sa aka gina gadoji uku da suka kutsa cikin teku, ta farko a 1863, ta biyu 1868, ta uku 1893, aka buɗe Winter Gardens, katafaren ginin wasanni da rawa, a 1878, hasumiyar kuma a 1894 ana kwaikwayon ta Eiffel da ke Faris, tsawonta mita 158. Pleasure Beach, filin lilon nan, 1896.

Abin da ya karya kasuwar ma ba ɓoyayye ba ne. Masaƙu suka mutu, daga shekarun 1960 jirgin sama ya fara araha, da ka kashe kuɗinka ka sha ruwan sama a Blackpool ai gara ka tafi Sifaniya ka sha rana. An rufe babbar tashar jirgin tsakiyar gari a 1964, aka buɗe titin M55 a 1975, wanda ya sauƙaƙa zuwa, amma fa ya sauƙaƙa komawa gida a ranar ma. To ni a ganina ba wani zaɓi gare su ba, rana ba za su iya saye ba, abin da suke da shi wanda Sifaniya ba ta da shi wannan tarihin ne. Da tsohuwar zuma ake magani.

Anti Mai Lissafi:
Baban Ummi tsaya in tambaye ka, kun kwana?

Baban Ummi:
A'a Anti, da safe muka je bayan isha muka kamo hanya. Abinci ma a kula muka tafi da shi, mai da kuɗin ajiye mota da aiskirim ɗin yara ne kawai suka fita daga aljihuna

Anti Mai Lissafi:
To ka ba kanka amsa ai. Ɗan Tarihi ya faɗi magana mafi muhimmanci a tsakiyar bayaninsa ya wuce da gudu, maganar titin nan. An ce sama da mutum miliyan 20 suka ziyarci garin a 2022, adadi mai daɗin ji, amma irinka ne mafi yawansu, a zo da safe a tafi da dare. Garin da aka gina shi don mutum ya kwana bakwai, ya ci safe da rana da dare, ya shiga wasa kowane dare, yanzu yana karɓar mai awa takwas da kularsa a but. Kai ɗaya ake ƙirga ka, wanda ya yi sati ma kai ɗaya, amma kuɗin da kuka bari ba ɗaya ba ne. Fitilu kyauta, dardumar barkwancin kyauta, yashi kyauta, to mai gidan saukar baƙin da ke layi na biyu ta ina zai ga wannan miliyan 20 ɗin? Gado ne abin sayarwarsa, ba wanda ya hau.

Ni duk wanda zai ce min tarihi ya farfaɗo da gari ya nuna min dare nawa aka kwana, ba ƙafa nawa ta taka ba.

Kawu Direba:
Hajiya maganarki gaskiya ce amma rabi. Ni shekara da shekaru ina jan mota a yankin nan, zan gaya miki abin da idona ya gani. Garuruwan bakin teku na Ingila da zarar yara sun koma makaranta a Satumba shikenan an naɗe tabarma, sai baɗi. Blackpool ita kaɗai a lokacin take kunna fitilunta, kusan mil shida a jere a bakin ruwa, kuma abin nan tun 1879 aka fara shi da fitila takwas kacal, lokacin mutane kyandir da fitilar gas suke kunnawa a gida. Da can farkon Nuwamba ake kashewa, daga 2020 suka ja shi har Janairu. Ki zo daren Asabar a Oktoba ki ga motoci na rarrafe kamar kunkuru, yara sun zuro kai ta taga, mai soya kifi da dankali layi har waje. Wata huɗu kenan na ciniki da sauran garuruwa ba su da shi. Cire fitilun nan ki ga ko mai otal ɗin da kike tausayi zai kai Kirsimeti.

Anti Mai Lissafi:
Kawu ban musa ba, amma rarrafen motar ma ai hujjata ce, suna ciki gilas a rufe, su kalla su fice ta ɗaya ƙarshen 😄

Kawu Direba:
Wanda ya taho daga Scotland ko Newcastle ba ya komawa a daren, sai ya kwana. Su nake ɗauka daga tasha

Maman Hanif:
Bari in sa baki a maganar layin baya da Baban Ummi ya gani, don na yi aikin kula da tsofaffi a yankin kuma na shiga irin gidajen nan. Da baƙi suka daina kwana, masu ƙananan masaukai suka sayar da arha, waɗanda suka saya suka yayyanka su ɗaki-ɗaki suna ba da haya ga masu karɓar tallafin gwamnati, don kuɗin hayar daga gwamnati yake fitowa ko gidan ya gyaru ko bai gyaru ba. Sai garin ya zama wurin da wanda rayuwa ta kayar a wani gari yake gangarowa, mai fama da shaye-shaye, mai rashin lafiya, wanda ya fito daga gidan yari, saboda ɗaki na da araha kuma wataƙila yana tuna ya taɓa jin daɗi a nan yana yaro. A ƙididdigar gwamnati ta 2019, cikin unguwanni goma da suka fi talauci a duk Ingila takwas a Blackpool suke. Tsawon ran maza a can shi ne mafi ƙasa a Ingila, wajen shekara 73. Garin da mutanensa wajen dubu 141 ne a ƙidayar 2021 fa.

Wannan ba ciwon da gidan tarihi zai warkar ba ne, kuma gsky ban ga adalci ba a ɗora masa. Matsalar gidaje ce da lafiya da aikin da ake yi wata shida a zauna wata shida.

Malam Shiru:
Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. 'Yan gari su sha hayaniya da shara da 'yan maye na ƙarshen mako, kamfani ya kwashe kuɗin tikiti

Ɗan Tarihi:
Malam nan kam akwai gyara kaɗan. A 2010 majalisar garin ce da kanta ta sayi hasumiyar da Winter Gardens daga hannun 'yan kasuwa don sun fara lalacewa, sannan ta ɗauko kamfanin Merlin ya gudanar da hasumiyar. Wato ginin na jama'a ne. Ko ribar ta gangara layin baya wannan wata magana ce, amma ba a ce an bar wa gardi komai ba.

Kuma a tuna me suka so yi kafin nan. Babban gidan caca irin na Las Vegas suka sa rai a kai, shekaru ana ta buri, a Janairun 2007 kwamitin da aka naɗa ya ba Manchester, daga baya ma gwamnatin Gordon Brown ta soke abin gaba ɗaya. Sai da wannan ya faɗi sannan suka waiwayi kayan gadonsu da gaske.

Maman Hanif:
Allah Ya taimake su da bai yiwu ba. Ka ɗauki gidan caca ka dasa a tsakiyar mutanen da na lissafa, me kake tsammani

Yarima99:
Amma har yanzu ba wanda ya amsa tawa. Tsohon nan da matarsa da Baban Ummi ya gani suna dariya, nan da shekara goma sha biyar ina suke? In suka tafi wa zai yi dariyar? Baban Ummi ya karanta sau uku bai gane ba, yaran turawan ma na yanzu ba su san mutanen nan ba, a waya suke dariyarsu. Kasuwar da kwastomominta ke raguwa duk shekara ba sabbi ai kasuwar rufewa ce, ku dai faɗi gaskiya

Baban Ummi:
Yarima yau ka yi magana. Wannan ne ainihin abin da ya dame ni ban iya faɗa ba

Kawu Direba:
Ɗana kun shiga ƙarƙashin hasumiyar kuwa, wajen 'yan wasan tsalle-tsalle?

Baban Ummi:
Ba mu shiga ba Kawu, na ga kuɗin tikitin mutum biyar na ja da baya

Kawu Direba:
To ka je Blackpool ba ka je ba. Wurin nan tun 1894 ake wasa a cikinsa, tsakanin ƙafafun hasumiyar guda huɗu aka gina shi. Na kai jikokina. Ana cikin wasa a ƙarshe sai ka ga filin da suke tsaye a kai yana nutsewa a hankali ruwa na bulbulowa har ya zama tafki, fitilu na wasa a kai, kuma dabarar tun ta mutanen da ce. Ƙaramin jikana da ba ya ajiye waya ko a kan abinci, ranar wayar a cinyarsa ta kwana, baki buɗe. Ba wanda ya ce masa wannan tarihi ne. Mutum ya ga wata tana lilo a sama ba igiya a ƙugu, cikinsa ya juya, shikenan. Wannan ba ya buƙatar ka san turanci ko ka san wane ne wane. Charlie Cairoli ya yi kusan shekara arba'in yana wawanci a filin nan, ya tafi, wasu suka hau, ba a rufe ba. Dabbobi ma da ake sakawa an daina tun 1990 kuma wasan bai mutu ba.

Ɗan Tarihi:
Kawu ya taɓo inda nake son zuwa. Kayan gadon nan iri biyu ne, akwai wanda ake yi har yanzu akwai wanda ake tunawa kawai, kuma Yarima a kan na biyun yake da gaskiya. Misali Morecambe, nan gaba kaɗan a gaɓar tekun. Suna da mutum-mutumin Eric Morecambe, ɗan barkwancin da ya ɗauki sunan garin ya mai da nasa, Sarauniya Elizabeth ce ta buɗe shi a 1999. Mutane na tsayawa su ɗaga ƙafa ɗaya kamar yadda ya yi a ɗauke su hoto, minti biyar an gama an shiga mota. Yana da kyau amma ba ya riƙe mutum.

Kuma garin nan dai ya taɓa ƙonewa da wani abin da ya fi wannan. A 1994 suka buɗe wurin wasa a kan Mr Blobby, wani dodon talabijin ruwan hoda mai ɗigo-ɗigon rawaya da ake yayi a lokacin. Sati 13 ya yi aka rufe, masu biyan haraji suka yi asarar sama da fam miliyan biyu. Abin ba shi da saiwa a garin, yayi ne aka aro, yayin ya wuce ya bar su da bashi.

Anti Mai Lissafi:
To ai mai saiwar ma ya taɓa faɗuwa, kar ka ɓoye Margate. Filin lilonsu Dreamland nake nufi, can kudu a Kent. Suna da lilon katako mai gudu a kan dogo tun 1920, mafi tsufa a ƙasar, 'yan gari suka yi ta fafutuka kar a rushe a gina gidaje, gobara ta ci wani sashe a 2008, hukuma ta ƙwace filin da ƙarfin doka, aka zuba kuɗi aka buɗe a 2015 da sunan filin wasa na tsoffin liluka. Shekara ɗaya ba ta cika da kyau ba kamfanin ya kasa biyan bashi a 2016. Tarihi iya tarihi, soyayyar jama'a iya soyayya, lissafi ya ƙi. Sai da aka sake zuba kuɗi aka karkata ga kiɗe-kiɗen mawaƙan zamani sannan wurin ya samu numfashi.

Ɗan Tarihi:
Na yarda Anti, amma duba da kyau, mawaƙan zamanin a cikin tsohon filin suke wasa, kuma don sunan Dreamland ake zuwa. In kiɗa ya canza rawa ma ta canza, fage dai shi ne. Margate kuma ba da wannan kaɗai ta tsaya ba, akwai gidan zane-zanen Turner Contemporary da aka buɗe a 2011, ga jirgi mai sauri daga Landan. Blackpool ba ta da Landan a kusa.

Malam Shiru:
Ni wani ɓangaren nake kallo. In an ce a dawo da nishaɗin da, wanne ciki? Don ba duka ne abin alfahari ba. A bakin tekun nan an yi zamanin da turawa ke shafa baƙin fenti a fuska suna kwaikwayon baƙar fata ana tafi, BBC ma ta yi shirin irin wannan daga 1958 har 1978. An yi rumfunan da ake nuna masu naƙasa a biya kuɗi a kalla. Akwai wani limamin coci Harold Davidson da aka tuɓe a 1932, a cikin ganga ya riƙa zama a Blackpool mutane na biya suna leƙa shi, ƙarshensa zaki ne ya kashe shi a wani wasan a Skegness a 1937. Ko wasan 'yan tsanan Punch da Judy da ake yi wa yara, miji ne ke jibgar matarsa da sanda. To in ka tace duk wannan ka bar mai daɗin kaɗai tarihi ka nuna ko talla? In kuma ka bar shi yadda yake, ni da 'ya'yana me zai kai mu

Maman Hanif:
Malam ai nan ne gidan tarihin yake da amfani, shi ya sa ban yarda a raina shi ba. Abin da ba za a sake yi a kan dandamali ba a ajiye shi a bayan gilas a rubuta yadda aka yi da wanda aka ci wa mutunci. Wanda za a iya ci gaba da yi a ci gaba.

Bari in ba ku wani abu da na gani da idona. Akwai wata tsohuwa da nake kula da ita, mantuwa ta cinye ta, 'yarta ta cikinta ma wani lokacin sai ta ce wace ce wannan. Aka shirya musu fita zuwa zauren rawa na hasumiyar, da rana tsaka a tsakiyar mako. Zauren kansa abin kallo ne, zinare-zinare har rufi, 1899 aka ƙawata shi, gobara ta ci shi a 1956 suka mayar da shi yadda yake. Muna zaune ana shan shayi sai ga ogan ɗin nan Wurlitzer, abin kiɗa mai kama da piyano, yana fitowa daga ƙarƙashin dandamali da mai kaɗa shi a zaune a kai. Matar nan da sai mun riƙe ta take miƙewa, ta ajiye kofi ta kama hannuna ta ce tashi. Ni ban iya ba, ita ke ja na, ƙafarta ta san kowane taku, tana ƙirga min a kunne tana faɗa min na cika taurin kafaɗa. Waƙa biyu muka yi. Da muka zauna ta ce min a nan ta haɗu da mijinta, ta faɗi sunansa da launin rigar da ta sa. A mota kafin mu isa gida ta manta mun je.

Abin da ya sa na kawo wannan, a filin ranar ba tsofaffi kaɗai ba ne. Akwai wasu yara biyu da ba su wuce sha biyu ba, sun sha gayu suna atisaye kamar ransu zai fita, uwarsu na ɗauka a waya.

Yarima99:
Allah sarki 😢 to yaran me ya kawo su

Ɗan Tarihi:
Talabijin da gasa. Shirin rawar BBC ɗin nan Strictly Come Dancing kusan duk shekara sai ya kwashi sati guda ya tafi zauren nan, miliyoyi na kallo, 'yan takara har kuka suke in an cire su kafin satin Blackpool. Sannan gasar rawa ta duniya da ake yi a Winter Gardens tun 1920, daga China da Japan da Italiya ake zuwa, kuma waɗannan Anti kwana suke, sati guda ma. Haka taron masu rufa ido duk Fabrairu, dubbai ne, tsakiyar sanyi lokacin da ba mai zuwa bakin teku don yashi. Ga sabbin kwastomomin da kake nema Yarima.

Anti Mai Lissafi:
Yauwa, irin wannan nake so a kawo min. Mai gasa da mai taro gado suke nema, su ne kuɗi. To da ni ce mai rabon kasafin can zan fi zubawa. Amma har gobe ina nan a kan bakata, aikin da abin ke samarwa yawanci na lokacin baƙi ne kawai, albashi mafi ƙanƙanta, yarinya ta yi wata shida tana yaga tikiti sannan ta zauna. Ko babban likitan gwamnatin Ingila Chris Whitty rahotonsa na 2021 kacokan a kan rashin lafiyar garuruwan bakin teku ya yi shi, ba Blackpool kaɗai ba ce. Kar hasken fitila ya sa a daina ganin katifar da Baban Ummi ya tsallake.

Kawu Direba:
Ba wanda ya ce a daina gani Hajiya. Amma yarinyar da kike magana, in aka rufe wurin tikitin, wata goma sha biyu za ta zauna ba shida ba

Baban Ummi:
Ni dai na ga inda na yi kuskure, na je na tsaya a kan abin da aka rubuta don wasu na ce ban gane ba, wanda aka yi don kowa kuma na ƙi biya. Amma maganar Anti ta shige ni, wlh kunya na ji da na tuna kular nan. Na yi wa Maman Ummi magana za mu koma hutun makaranta na Oktoba, mu kwana ɗaya a irin ƙananan masaukan nan na iyali, in mun samu mai tsafta. Kawu ina ya fi dacewa a bar mota in ana son ganin fitilun ba tare da an maƙale ba?

Kawu Direba:
Kar ka shiga layin motocin nan da yara, za ku yi awa biyu wani ya ce fitsari. Ka ajiye ta can kudu wajen Starr Gate ku hau taram, jirgin lantarkin nan na bakin ruwa, shi ma tun 1885 yake aiki. Ku zauna ɓangaren taga. Ku tafi da rigunan sanyi masu kauri, iskar tekun nan ba ta san Oktoba ba ta san Yuli ba

Yarima99:
Ummi ta hau jaki kuwa? Na ga ana hawa a bakin ruwan

Baban Ummi:
Ta hau, da ƙyar aka sauko da ita. Ni ma na so in ɗana mai jakin ya kalle ni sama da ƙasa ya ce yara kawai

Kawu Direba:
Doka ce, wanda ya wuce kilo 50 da ɗan abu ba ya hawa, kuma likitan dabbobi na duba su. In za ku koma kar ka yi mata alkawarin jaki ranar Juma'a, ranar hutunsu ce

Yarima99:
Kai jama'a 😂😂 jaki na hutun Juma'a ni ina shif ɗin dare